Yadda ake kama kifin bas a tafki in sanyi ya kama ruwa

Wannan bayanin na 'yan uwa mazauna Amurka ne, musamman masu fita fatsa da bazara suna kamawa hankali kwance, amma da Disamba ta shigo sai su jingine sanda a gareji suce ai kifi ya ɓace sai Afrilu. Kifi bai je ko'ina ba wallahi, yana nan cikin tafkin, wuri kawai ya canza kuma ya daina bin abinci da gudu. In ka gano inda ya taru kuma ka iya rage saurin hannunka, to lokacin sanyi ne ma ake kama manya. Bas mafi girma da aka taɓa kamawa a jihar Tekzas, laba 18.18, a watan Janairu na 1992 Barry St. Clair ya ciro shi daga tafkin Lake Fork, tsakiyar sanyi kenan.

Ga wanda bai san bas ba, kifi ne mai farautar ƙananan kifaye, wanda ya san giwan ruwa na Kainji to ya ɗauka ƙaninsa ne, baki wangame, sai dai bai kai shi girma ba ko kusa. Iri uku zakafi haɗuwa dasu, mai babban baki, mai ƙaramin baki, da mai ɗigo-ɗigo a jiki. Kuma maganar da nake yi ta tafkunan da basa daskarewa ce, irin na Tenesi, Alabama, Jojiya, Mizuri, Akansas da Tekzas. Can Minesota da ake huda ƙanƙara a zauna a kai wannan wata sana'ar ce daban.

Abinda ke faruwa da kifin

Jikin kifi ɗumin ruwa yake bi. Da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 50 a ma'aunin Amurka, wato 10 a namu na salshiyos, komai nasa sai ya yi sanyi, abincin da zai narkar cikin yini guda da bazara yanzu sai ya ɗau kwanaki a cikinsa, dan haka ba kullum yake ci ba kuma bazai kashe ƙarfinsa ya bi wani abu mai gudu ba. Amma fa yana ci. Abinda yakeso shine abu yazo gaban bakinsa ya tsaya, ya yi kamar ya kusa mutuwa. Na biyu kuma suna taruwa waje ɗaya, da bazara suna warwatse ko'ina a gefen tafki, da sanyi kuwa sai kaga kaso mafi yawa na tafkin fayau babu komai sannan wani ɗan lungu guda ya tara kifi fal. Shiyasa wanda ke tafiya gefe-gefe yana jifa ko'ina yake komawa gida hannu rabbana. Duk sauran bayanin a kan waɗannan abubuwa biyu ya ginu.

Mataki na farko, tun kana gida

Lasisin kamun kifi na jihar da zaka shiga, kowace jiha da nata, ana saya a intanet ko a Walmart ko Bass Pro Shops, kuma ka karanta dokar tafkin da kansa saboda tsawon kifin da aka yarda ka tafi dashi da adadinsa yana bambanta daga tafki zuwa tafki.

Sai rigar ceto, kuma sakata zakayi a jiki, ba ajiyewa ƙarƙashin kujera ba. Nan zan ɗan tsaya dan mutanenmu na wasa da wannan, wai ai na iya ruwa tun ina yaro a rafin garinmu. Ruwa mai digiri 42 ba ruwansa da iya iyonka. Masana na koyar da abinda suke kira 1-10-1, minti ɗaya na farko numfashinka ne zai ƙwace kana haki baka iya riƙe shi, in kanka na cikin ruwa a lokacin shikenan, sannan kana da kamar minti goma kafin hannu da ƙafa su daina jin umarninka, sannan kusan awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da kai, kuma awar nan ma sai in rigar na riƙe da kai a sama. A jihar Fensilbeniya doka ce ma daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu duk wanda ke cikin kwale-kwale ko jirgin da bai kai ƙafa 16 ba sai ya saka. Igiyar nan mai kashe inji in ka faɗa ruwa ka ɗaurata a jikinka. Ka faɗawa wani a gida tafkin da zaka da lokacin dawowa, in da hali kada ka fita kai kaɗai.

Kaya kuma banda auduga a jikin fata, auduga in ta jiƙe da zufa sanyi take riƙewa. Ulu ko na roba a ciki, mai kauri a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje, safar hannu guda biyu dan ɗaya zata jiƙe tabbas, da busassun kaya cikakku a leda a ajiye. Ka cika filas biyu, ɗaya shayi ɗaya ruwan ɗumi na alwala, domin azahar da la'asar duk a bakin ruwa zasu sameka kuma alwala da ruwan tafki a Janairu yatsunka bazasu ƙara iya ɗaura ƙugiya ba sai bayan wani lokaci.

Mataki na biyu, zaɓen rana da zaɓen wuri

Ba sai kayi sammako ba, wannan kam daɗin sanyi kenan. Daga wajen 11 na safe zuwa 4 na yamma yafi, lokacin rana ta ɗan taɓa ruwan. Digiri ɗaya ko biyu da ruwa zai ƙaru ya isa ya sa kifi ya motsa. Ranar da tafi kowacce ita ce wadda ta biyo bayan kwana biyu uku na ɗan ɗumi a jere, ko kuma ranar da hadari ke haɗuwa gab da sabon sanyi ya sauko. Wadda tafi muni ita ce washegarin saukar sanyin, sama tas ba gajimare, iska ta tsaya, kyau a ido amma kifi ya kulle baki. Ruwan da ya haɗa sanyi da laka kuwa, bayan an tafka ruwan sama ya zama ja, kada ma ka ɓata man motarka, nemi ɓangaren tafkin da yake garau, yawanci kusa da dam.

Yawancin manyan tafkunan nan dam akayi aka tare kogi, dan haka tsohon kwarin kogin da na rafukan da ke shigarsa suna nan kwance a ƙasan ruwa, kuma sune hanyar kifi. Buɗe taswirar zurfi, manhajar Navionics ta waya ma ta isa, ka nemi inda layukan zurfi suka matsu da juna, wannan na nufin gangare mai tsayi. Wuraren da zaka sa wa alama, inda tsohon kwarin rafi ya yi kwana ya jingina da gaɓa, bangon dutse da ya miƙe tsaye cikin ruwa musamman ƙarshensa inda ya fara zama tsakuwa, hancin ƙasa da ya shiga tafki ya faɗa zurfi, tudun da ke nitse a tsakiya, da ƙafafun gada. Dalilin da yasa suke son wuri mai tsayi shine kifi zai iya hawa ƙafa goma in rana ta yi daɗi ya koma ƙasa in ta ɓaci ba tare da ya yi doguwar tafiya ba. Zurfi kuma ya danganta, a tafki mai ruwa garau kamar Table Rock ko Dale Hollow zaka samesu daga ƙafa 20 har 40 koma fiye, a mai ciyawa mara zurfi kamar Guntersville ƙafa 6 zuwa 12 ma ana samu a bakin ciyawar da ta rage kore.

Wanda bashi da jirgi kada ya karaya. Duwatsun da ake jerawa a jikin dam da gefen gada suna shan rana suna riƙe ɗumi kuma zurfi na kusa dasu, ga wajen ajiye jirage. Gaɓar arewa ita ke kallon rana da sanyi dan haka tafi ɗumi. In kuma akwai tafkin da tashar wutar lantarki ke zuba ruwan ɗumi a ciki kusa da kai to ka gama samu.

Mataki na uku, nemo abincinsu kafin ka jefa komai

Nan ne mutane ke gazawa saboda hannu na ƙaiƙayi. Ka isa wurin da ka sa wa alama, kada ka ɗau sanda tukun, kunna na'urar leƙen ƙasan ruwa ka bi a hankali kana kallo. Abinda kake nema garken shad ne, ƙananan kifaye masu ƙyalli da bas ke rayuwa a kansu, a allo zasu fito kamar dunƙulen hayaƙi, bas kuma 'yan baka-baka ko ɗigo a ƙarƙashinsu ko a gefe. Ka lura da zurfin da garken yake, in ƙafa 25 ne to duk tafkin ranar nan wajen ƙafa 25 zaka nema. In babu shad babu alamar kifi ka wuce, komai kyan wurin a taswira. Gara ka kashe awa ɗaya kana yawo da ka kashe yini kana jifa a ruwan da ba kowa. Fararen tsuntsayen ruwa in kaga suna faɗawa waje ɗaya suma sun nuna maka.

Akwai irin shad ɗin da baya jure sanyi, da ruwa ya sauka wajen digiri 45 zuwa ƙasa sai su fara galabaita, kaga ɗaya ya ɗan fizga ya tsaya cak ya karkata ya fara nitsewa. Bas ya san wannan sarai, abinci ne ba wahala. Wannan motsin shi zaka kwaikwaya.

Mataki na huɗu, sanda da zare

Ba sai ka tara kaya ba, sanda biyu sun isa yawancin aikin. Ɗaya mai laushi ƙafa 7 da injin naɗi irin na ƙasa, zaren fulorokabon, wato na roba da ba'a cika ganinsa cikin ruwa ba, mai ƙarfin ɗaukar laba 6 ko 8. Ɗaya ƙafa 6 da rabi zuwa 7 matsakaiciya da laba 10. Fulorokabon ya fi saboda ruwan sanyi yawanci garau yake kuma kifi na da lokacin ƙare wa abu kallo, ga shi yana nitsewa. Zaren saƙa kuwa ruwa yake sha, in iska ta kai daskarewa sai ya ƙanƙare a injin. Zoben sanda ma zasu riƙa toshewa da ƙanƙara, ka tsoma sandar cikin ruwa ka girgiza ta narke, kada ka fasa da haƙori ko wuƙa.

Mataki na biyar, abinda zaka ɗaura da yadda zaka motsa shi

Jakbet shi ne na farko in ruwa garau ne kana ganin ƙafa uku ko fiye kuma kifi na rataye a tsakiyar ruwa. Ɗan siririn kifin roba ne mai ɗan leɓe, wanda in ka tsaya baya tasowa baya nitsewa, Megabass Vision 110 shi ake yayi amma da tsada, Smithwick Rogue da Rapala Husky Jerk sun daɗe suna aiki da rahusa. Ka jefa nesa, ka naɗa kamar sau takwas ya sauka zurfinsa, ka sunkuyar da bakin sanda wajen ruwa, ka fizga sau biyu da zare a ɗan sake, sai ka tsaya. Tsayuwar nan ita ce aikin gaba ɗaya. A digiri 50 ka ƙirga biyar, a 45 ka ƙirga goma zuwa sha biyar, a 40 har talatin ana kaiwa, kuma ka ƙirga da baki da gaske domin in ka bar wa zuciya zaka rantse ka yi sakan ashirin alhali shida kayi, sanyi na cizon yatsu kowa so yake ya motsa. Kusan duk kamun a tsayuwar yake zuwa, wani lokaci bazaka ji komai ba sai dai kaga zare ya ɗan zabura ko ka zo fizga ta gaba kaji nauyi. Wani abu da ba kowa ke lura ba, ruwan sanyi yafi nauyi dan haka jakbet ɗin da ke tsayawa daidai a Oktoba zai iya riƙa tasowa a Janairu, ka gwada shi a gefen jirgi, in yana tasowa ka manna masa 'yar dalma a ciki ko ka sa ƙugiya mai ɗan nauyi har ya tsaya ko ya riƙa nitsewa a hankali sosai. Ni nafi son mai nitsewa kaɗan-kaɗan, shad mai mutuwa ai ƙasa yake yi.

In kifi na manne da ƙasa a zurfi to ƙarfe zaka koma. Akwai falle na ƙarfe mai kaɗawa irin Silver Buddy, rabin oza, ka jefa ka bari ya taɓa ƙasa, ka ɗaga sanda kaɗan kawai har kaji ya fara karkarwa, kamar ƙafa ɗaya, sai ka bishi ya koma ƙasa da zare ba a sake sosai ba, ka barshi ya kwanta sakan biyu uku. Masu ɗagawa sama da ƙarfi har kai suna ɗauke shi ne daga gaban kifin. Cokalin ƙarfe irin Hopkins shi kuma tsaye ake yinsa, ka tsaida jirgi a kan garken ka sake shi ƙasa kana kallonsa a allo. Duka biyun a faɗuwa ake kamasu, dan haka in ka saki kaga zare ya tsaya kafin ya kai ƙasa to a bakin kifi yake, ɗaga.

Ranar da komai ya ƙi, Ned rig. Sunan wani marubucin kamun kifi ne na Kansas, Ned Kehde. Ƙugiya ce mai ɗan kan dalma mai nauyin 1/16 na oza da guntun roba da bai kai inci uku ba, irin Z-Man TRD, abin ba fasali in ka ganshi zaka raina. Ka jefa ka bari ya sauka ka ja shi a ƙasa taƙi ɗaya ka tsaya, ko ma ka barshi kawai. Yana kama ƙanana da yawa amma yana hana ka komawa gida ba labari. Mai neman babba kuma jig, wato ƙugiya mai kan dalma, mai gashi ko mai siket da jelar roba siffar jatan lande, ruwan ƙasa ko kore mai duhu, a ja shi kan dutse a hankali har kana jin kowane dutse da ya hau ya sauka.

Mutanen Tenesi suna da wata dabara ta mai ƙaramin baki in ruwa ya sauka ƙasa da 45, ɗan jig na gashi ƙarami a rataye ƙafa 8 zuwa 12 ƙarƙashin abin yawo a saman ruwa, doguwar sanda da zare laba 4, a jefa jikin bangon dutse a riƙa ɗan girgizawa. A Dale Hollow aka fi saninta, tafkin da David Hayes ya kama mai ƙaramin baki mafi girma a duniya a 1955, laba 11 da oza 15. Jifanta da wuya saboda tsawon zaren da ke reto, sai an koya.

Sai Alabama rig, wayoyi biyar kamar lema kowacce da ɗan kifin roba, ya zama kamar ƙaramin garke. Ya yi suna ne a 2011 da Paul Elias ya ci gasa dashi a Guntersville da sama da laba 100 cikin kwana huɗu. Yana kama manya ba musu, naɗi ne kawai a hankali a zurfin da garke yake, amma yana da nauyi, yana buƙatar sanda mai ƙarfi, kuma ka duba doka domin wasu jihohin ƙugiya uku kawai suka yarda, sauran wayoyin sai dai a sa roba ba ƙugiya.

Kada ka riƙa canje-canje duk minti biyar. Launi ma kada ya dameka, fari ko mai ƙyalli na shad, ruwan ƙasa na jatan lande, shikenan.

Mataki na shida, in ya kama

Cizon sanyi ba irin na bazara bane da zai nemi ƙwace maka sanda. Nauyi ne kawai kamar ganye ya maƙale, ko zare ya yi laushi ba dalili, ko ya fara tafiya gefe. Shiyasa ido na kan zare inda ya shiga ruwa, kuma ka bar yatsa ɗaya a waje yana taɓa zaren in zaka iya jurewa. In kana shakka ka ɗaga, ba asara. Da ƙananan ƙugiyoyin jakbet kada ka fizga da ƙarfi, ka share sandar gefe kawai ka ci gaba da naɗi, ka sassauta birkin injin naɗi tun farko domin yawanci a gefen leɓe ƙugiyar take.

Da ka kama ɗaya kada ka matsa, danna alama a na'ura nan take, ka maimaita jifa ɗaya sak, kusurwa ɗaya, ƙirga ɗaya. Inda ɗaya yake akwai 'yan uwansa, kuma sau da yawa kamun na farko ne ke tada sauran. In sun yi shiru ka canza daga jakbet zuwa ƙarfe ko Ned a wurin dai kafin ka tafi, in ka tafi ma ka dawo bayan awa ɗaya.

Mataki na bakwai, sakin kifi da fita daga ruwa

Yawancin masu kamun bas saki suke yi, in zaka ci to ka ɗau matsakaita cikin abinda doka ta yarda ka bar manyan, su ne mata masu ƙwai da zasu zuba da bazara. A Tekzas ma daga Janairu zuwa Maris in ka kama mai laba 13 ko fiye hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar na karɓa da rai a shirinsu na ShareLunker su hayayyafa da ita. In iska ta kai daskarewa kada ka riƙe kifi a waje kana neman waya kana gyara hula, wurin numfashinsa da idonsa na iya ƙanƙarewa, hoto ɗaya ka maida shi. Wanda ka ciro daga zurfin da ya wuce ƙafa 25 ko 30 jakar iskar cikinsa na kumbura, in ka sake shi nan take yawanci yana iya komawa ƙasa da kansa, in ka ajiye shi a tankin ruwan da ake ajiye kifi da rai a jirgi ne zakaga ya juya ciki sama. Akwai masu huda jakar da allura amma in ba'a nuna maka da hannu ba kada ka gwada.

Ka fita tun da sauran haske, rana na faɗuwa da wuri kuma sanyi na saukowa lokaci guda. Gangaren da ake sauke jirgi yana santsi da yamma saboda ruwan da tirelolin wasu suka zubar ya daskare, dan haka in ka ciro naka ka tsaya a ƙasan gangaren ruwan ya tsiyaye tukun kafin ka hau, kuma 'yar jakar yashi a bayan mota tana ceto. Ka sauke injin jirgin ya miƙe tsaye ruwan cikinsa ya zube duka dan kada ya daskare cikin dare ya fasa maka ƙasan injin, ka cire toshiyar jirgi, ka zubar da ruwan tanki, sandunan kuma a shiga dasu cikin gida su bushe.